Ɗan farin da ba ka gani: dalilin da firstChild yake ba ka #text

Duk wanda ya fara koyon JavaScript a garin nan, ko a ajin kwamfuta ne a BUK, ko a wuraren koyon kodin ɗin nan da ake ta buɗewa, ko shi kaɗai a ɗaki da laftof da bidiyon YouTube yana lallaɓa data, akwai wata gaɓa da kusan kowa sai ya tsaya cak a kanta. Abin ba shi da girma a ido amma yana cinye wa mutum dare guda, kuma abin da ya fi damuna shine yawanci ana ba yaro magani ne ba tare da an gaya masa cutar ba, a ce masa canza wannan kalmar ka sa waccan, ya canza ya ga ta yi aiki ya wuce, gobe abin ya dawo masa ta wata ƙofar.

Mu ɗauka wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya ba ka aikin shafin da zai riƙa nuna kayansa. Ka rubuta jerin kamar haka:

```
<ul id="kaya">
  <li>Shadda</li>
  <li>Atamfa</li>
  <li>Leshi</li>
</ul>
```

Alhaji ya ce yana son kayan farko ya fito da kore saboda shi yake son a fi gani. Sai ka ɗauko jerin da `document.getElementById("kaya")` ka ajiye a `kaya`, ka rubuta `kaya.firstChild.style.color = "green"`, ka loda shafi. Shadda tana nan baƙa ƙirin yadda take, ka buɗe konsol, wato wurin da burauza ke nuna kurakuran kod, ka tarar da jan rubutu wai `Cannot set properties of undefined`. Ka duba rubutunka sau nawa, babu harafin da ya ɓace. To in ka tambayi `kaya.firstChild.nodeName` amsar da za ta fito ba LI ba ce, `#text` ce.

Daga ina wannan rubutu ya fito alhali babu wata kalma tsakanin buɗe jerin da Shadda? Daga yatsanka ya fito. Lokacin da ka gama rubuta layin farko ka danna Enta, sannan ka danna sarari sau biyu don layi na biyu ya ɗan shiga ciki ya yi kyau. Wannan Entar da sararin nan biyu haruffa ne kamar kowane harafi, suna da lambarsu, suna cin wuri a fayil, ido ne kawai ba ya ganin su. Burauza kuwa ba ta zubar da su, tana tattara su ta yi musu gaɓa tasu ta rubutu ta sa a bishiyar shafin, wato tsarin da take jera duk abin da ke cikin shafi, wani ɗan wani, kuma tunda su suka fara zuwa, su ne ɗan fari. Gaɓar rubutu ba ta da `style`, shi ya sa aka ce maka kana son sa launi a kan abin da babu shi.

Ka tuna layin ɗiban ruwa a unguwa lokacin zafi, inda wani zai ajiye dutse ko tsohuwar jarka ya kama wuri ya tafi. In ka tambaya me ke gaba a layi amsar gaskiya dutse ne, in kuma ka tambaya wane mutum ne a gaba amsar daban ce. `firstChild` tambayar farko yake amsawa, `firstElementChild` kuma ta biyu. Ka gwada `kaya.childNodes.length` za ka ga 7, ka gwada `kaya.children.length` za ka ga 3. Ukun nan su ne kayan Alhaji, sauran huɗun kuma sararin da ke gaban Shadda, da wanda ke tsakaninta da Atamfa, da na tsakanin Atamfa da Leshi, da na bayan Leshi kafin a rufe jerin.

Abin da ya kamata ya zauna a kai tun daga nan shine burauza ba ta aiki da fayil ɗin da ka rubuta kai tsaye. Tana karanta shi ne ta gina bishiya a ƙwaƙwalwar na'ura, wadda ake kira DOM, kuma JavaScript da bishiyar yake magana, bai san fayil ɗinka ba. Kowane abu a bishiyar gaɓa ne, amma gaɓoɓin iri-iri ne kuma kowane iri da lambarsa a `nodeType`. Elemen, wato irin su li da div da p, lambarsa 1. Rubutu 3. Kwament, bayanin nan da mai kodin yake barin wa kansa wanda ba ya fitowa a shafi, 8. Shafin gaba ɗaya 9, layin doctype na can sama 10. Duk elemen gaɓa ne amma ba duk gaɓa ce elemen ba, kuma rabin ruɗanin da ake yi daga nan yake.

Wani zai ce to me ya hana burauza ta share wannan sararin banzan tun wajen karantawa kowa ya huta? Tambaya ce mai kyau kuma ni a ganina waɗanda suka tsara abin sun yi daidai da suka ƙi. Dubi wannan: `<b>Kantin</b> <i>Kwari</i>`. Tsakanin elemen biyun nan babu komai sai sarari guda ɗaya, gaɓar rubutu ce wadda babu harafin gani a cikinta, irin dai waccan da ta ba ka haushi. Cire ta ka gani, mai karatu zai ga KantinKwari a manne. To ta yaya mai karanta HTML zai bambance sararin da ke da amfani da wanda ba shi da shi? Ba zai iya ba, domin hukuncin na CSS ne, harshen da ke tsara kamannin shafi, kuma yana zuwa ne daga baya. Li ɗin da yau yake kan layinsa shi kaɗai gobe za ka iya mai da shi `inline-block` su jeru gefe da gefe, nan take sararin da ke tsakaninsu ya fito fili ya zama ɗan gibin nan da yake hana akwatuna haɗuwa, wanda shi ma ya sha wahalar da mutane. Ko ka sa `white-space: pre` don kana son baitocin waƙa su tsaya yadda marubuci ya jera su, kowace Enta ta koma da ma'ana. Tunda ana iya canza CSS ko bayan shafi ya gama lodi, dole bishiya ta riƙe komai, sai wajen zana shafi a allo ne ake yanke wane sarari za a nuna wane za a matse.

Tarihin abin ma yana bayyana dalilin da ya sa har yanzu ake cin karo da darussa masu karo da juna a intanet. Brendan Eich ya ƙirƙiri JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, sannan a watan Oktoba na 1998 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar da matakin farko na ƙa'idar DOM, kuma a nan `firstChild` da `lastChild` da `nextSibling` da `childNodes` suke. An tsara ƙa'idar ne ta yi wa HTML da XML aiki duka, shi ya sa take maganar gaɓa kawai ba ta fifita elemen. Sai dai Internet Explorer ta Microsoft, wadda a lokacin ita ce a kan kusan kowace kwamfuta har da na kafe-kafen intanet da aka yi yayi, tana watsar da irin wannan sararin, har zuwa ta 8. Firefox da sauran kuma suna bin ƙa'ida suna ajiye shi. Sai ya zama kod ɗaya, a wannan burauzar ya ba ka LI a waccan ya ba ka `#text`, kuma da yawa a lokacin sun ɗauka Firefox ce mai laifi alhali ita ce a kan daidai. Masu kodin na wancan zamanin sai da suka riƙa rubuta ɗan zagaye irin wannan a kusan kowane aiki:

```
var d = kaya.firstChild;
while (d && d.nodeType !== 1) {
  d = d.nextSibling;
}
```

Wato fara daga ɗan fari, in ba elemen ba ne tsallaka zuwa na kusa da shi, har ka samu mai lamba 1 ko 'ya'yan su ƙare. Wannan wahala tana cikin abubuwan da suka sa jQuery, tarin kod ɗin JavaScript na sauƙaƙa aiki wadda John Resig ya fitar a 2006, ta karɓu haka, don tana ɓoye maka bambancin burauzoji. A watan Disamba na 2008 W3C ta fitar da ƙa'idar Element Traversal wadda ta kawo `firstElementChild` da `lastElementChild` da `nextElementSibling` da `previousElementSibling` da `childElementCount`, Internet Explorer 9 ta 2011 ta karɓe su ta kuma daina zubar da sarari, a watan Yuni na 2022 kuma Microsoft ta yi wa Internet Explorer ritaya. To yau babu dalilin rubuta wancan zagayen a sabon aiki, in ka gan shi a wani darasi ka san tsoho ne. Maganin matsalar Alhaji layi ɗaya ne, `kaya.firstElementChild.style.color = "green"`, shi kenan Shadda ta yi kore.

Amma fa ban yarda da masu cewa a manta da `firstChild` kwata-kwata ba, wai tarko ne kawai. Akwai inda shi ne daidai kuma ɗan uwansa ba zai yi ba. Ka ce kana da maɓalli irin wannan: `<button>Kwando <span>3</span></button>`, kalma a gaba, adadin kayan da aka zaɓa a cikin span. Kana son canza kalmar Kwando kawai. In ka yi amfani da `textContent` a kan maɓallin zai share komai har da span ɗin da lambar da ke ciki, da duk wani abin sauraron dannawa da ka ɗaura wa span ɗin. In ka ce `firstElementChild` span zai ba ka, ba shi kake nema ba. Abin da kake nema gaɓar rubutu ce, kuma `firstChild.nodeValue` ne zai kai ka gare ta ka canza ta ba ka taɓa maƙwabcinta ba. Haka wajen kwashe duk abin da ke cikin elemen, tsohuwar hanyar ita ce a ce muddin akwai `firstChild` a cire shi, a yi ta yi har ya zama babu. In ka sa `firstElementChild` a wannan zagayen za ka kwashe elemen ka bar rubutu da kwament a ciki. Tun 2020 dai manyan burauzoji suna da `replaceChildren` wanda in ka kira shi hannu wofi yake share komai a tashi ɗaya, kuma shi na fi so don ya fi saukin karantawa. Sannan wajen saka sabon abu a saman jeri, `insertBefore` da `firstChild` suna tafiya lafiya ko da jerin babu kowa, domin in an ba shi `null`, wato babu komai, sai ya saka a ƙarshe, wanda a jerin da babu komai shi ne farkon. Yanzu akwai `prepend` da ke yin wannan a taƙaice.

Maganar `null` ɗin nan tana son a ɗan tsaya. Elemen da ba shi da ɗa ko ɗaya, `firstChild` da `firstElementChild` duk `null` suke bayarwa, amma `children[0]` shi `undefined` yake bayarwa. In ka rubuta sharaɗinka da `=== null` alhali `children[0]` ka ɗauko, sharaɗin ba zai taɓa kamawa ba. Kuma jerin da babu kowa ba abin mamaki ba ne a aikin gaske, kayan daga saba suke zuwa, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, netwok ya yi nauyi kamar yadda ya saba yi mana, kod ɗinka ya riga kayan isowa ya tarar da gida wayam. Alamar `?.` da ta shigo harshen a 2020 tana hana shafi faɗuwa in za ka karanta ne, amma ba a sa ta a hagun alamar daidai wajen ba da ƙima, kuma ni ina ganin yawan watsa ta ko'ina rufe ido ne. In jerin bai kamata ya zama wofi ba gara ka ji ƙarar kuskuren ka san akwai matsala, da shafi ya yi shiru Alhaji ya kira ka da daddare yana tambayar ina kayansa.

Ko ka koma `firstElementChild` ɗin ma ba ka gama tsira ba, saboda dai maganar farko, bishiya daban fayil daban. Rubuta tebur ka sa tr kai tsaye a ƙarƙashin table ba tare da tbody ba, burauza da kanta za ta ƙirƙiro tbody ta zuba layukan a ciki, ka nemi ɗan farin tebur ka samu abin da ba ka taɓa rubutawa ba. Elemen ɗin template kuma ko ka cika shi da kaya `firstChild` ɗinsa `null` ne, kayan suna cikin `content` ɗinsa, sai ka bi ta can. `document.firstChild` a shafin da aka rubuta daidai doctype ne, ba html ba. Abin da ka saka da `::before` a CSS ido yana ganinsa a gaban komai amma ba ya cikin bishiyar, JavaScript ba zai ƙirga shi ɗa ba. Har pre da textarea suna da nasu, Entar farko da ta biyo bayan buɗe su ana jefar da ita.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shine wanda ke canzawa ba da saninka ba. Kayan aikin da ke matse HTML kafin a ɗora shi a saba suna iya cire sararin nan don fayil ya yi sauƙi, sai ka ga kod ɗin da ke faɗuwa a laftof ɗinka yana aiki a intanet, ko wanda aka rubuta a layi ɗaya yana aiki lafiya, abokin aikinka ya buɗe fayil ɗin, editansa ya gyara masa jeri ya saka Enta, abu ya lalace ba wanda ya taɓa JavaScript. Vue da Angular kuma, kayan aikin gina shafi da JavaScript, suna ajiye kwament a bishiya don kama wurin abin da aka ɓoye, to a can `firstChild` yana iya zama mai lamba 8.

Akwai guda ɗaya da ya shafe mu kai tsaye kuma ban cika jin ana maganarsa a nan ba. Google Translate ya saka Hausa tun 2013, kuma mutanenmu da yawa in suka buɗe shafin Turanci a Chrome ta waya suna danna fassara. Lokacin da Chrome ke fassara shafi ba allo kawai yake canzawa ba, bishiyar yake taɓawa, yana cire gaɓar rubutu ya sa elemen ɗin font a wurinta da fassarar a ciki. Koma kan maɓallin Kwando na ɗazu. Kafin fassara ɗan farinsa rubutu ne, bayan fassara ya zama elemen, shi kuma elemen `nodeValue` ɗinsa `null` ne, in ka ba shi ƙima ba abin da zai faru, ko jan rubutu ba za ka gani ba. Yanzu ka ɗauka farashin yadi ne kake sabuntawa ta wannan hanyar. Hajiya tana Gwammaja ta fassara shafi ta zaɓi yadi goma, farashin bai motsa daga na yadi biyar ba, kai kuma ka gwada a naka komai daidai don ba ka taɓa danna fassara ba. Abin da ya kamata shine duk rubutun da kod zai riƙa canzawa, musamman kuɗi da adadi, a ba shi span nasa, a sa masa `translate="no"`, a riƙa canza `textContent` na span ɗin. Kuma kafin ka miƙa aiki ka fassara shafin da kanka ka danna komai ka gani.

Sai ruɗanin suna tsakanin JavaScript da CSS. `:first-child` na CSS elemen kawai yake ƙirgawa, bai damu da sarari ko kwament ba, wato ɗan uwan `firstElementChild` ne duk da sunansa ya fi kama da ɗayan. Shi ya sa yaro zai ga `li:first-child` ya yi masa aiki a CSS ya ɗauka `firstChild` ma haka zai yi. Shi ma yana da nasa sharaɗin, `p:first-child` ba ya nufin p na farko, yana nufin p wanda shi ne farkon duk 'yan uwansa, in akwai h3 a gabansa ba zai kama komai ba, `p:first-of-type` ake so a nan. `querySelector` kuma yana nutsewa har jikoki da tattaɓa kunne, in ka ce ya nemo maka li zai kawo na farkon da ya tarar komai zurfinsa, in 'ya'yan cikin kawai kake so sai ka rubuta `:scope > li`.

A nan ne nake ganin ya kamata mu riƙa yi wa kanmu tambaya kafin mu rubuta ko wanne daga cikinsu: na farko nake nema don shi ne na farko, ko wani abu takamaimai nake nema wanda yau ya dace yana farko? Alhaji da ya ce kayan farko ya yi kore, in nufinsa duk abin da ke sama ko mene ne, to matsayi ake magana, kuma ma CSS ya isa ba sai an taɓa JavaScript ba. In kuwa Shadda yake nufi don ita ce ke kawo masa ciniki, to ranar da ya ce a ƙara layin sabon kaya a sama gabanin Sallah, koren zai koma kan wani abu daban ba tare da kuskure ko ɗaya ya fito a konsol ba. A wannan halin suna za ka ba ta, `id` ko `class` ko `data-kaya="shadda"`, ka neme ta da sunan. Kod irin `firstElementChild.firstElementChild.nextElementSibling` da nake gani a ayyukan ɗalibai yana aiki ranar da aka rubuta shi, amma duk wanda ya ƙara div ɗaya don gyara fasali ya rusa shi, kuma wanda zai gaji aikin bayan wata shida ba zai san me ake nema ba.

Wajen bincike kuma kar ka dogara da sashen Elements da ke kusa da konsol a Chrome, domin yana ɓoye gaɓoɓin da sarari ne zalla, sai ka ga jerin tsaf da 'ya'ya uku ka rantse babu komai a gaban Shadda. Danna elemen ɗin a can, ka koma konsol ka rubuta `$0.childNodes`, zai zazzage maka duka bakwai ɗin da text a tsakaninsu. Firefox ita tana sa 'yar alama a inda sarari yake shafar fasalin shafi. Ƙannenmu masu koyo a waya da ba su da konsol, ku sa `alert` ya nuna muku `nodeName` da `nodeType` na abin da kuka ɗauko kafin ku taɓa shi, in kun ga `#text` da 3 ko `#comment` da 8 kun san ba elemen kuka riƙo ba.